Allurar Kashe Jijiyar Fuska da Hanyar Sakkwato

Akwai ciwon da ke hana mutum wanke rabin fuskarsa. Babu kumburi, babu ƙurji, babu zazzaɓi, in ka dube shi sai ka rantse lafiyarsa lau. Amma da ya ɗebo ruwan alwala ya kai kunci, sai ka ga ya sandare wuri guda, ido a runtse, hannu a sama ya kasa taɓa wurin. Daƙiƙa biyar, goma, wani lokaci har minti biyu, sannan abin ya sake shi. Masu fama da shi bakinsu ɗaya wajen kwatance: kamar an jona musu wayar lantarki a fuska. Gefe guda yake kamawa, galibi na dama, ya fi samun waɗanda suka haura shekara 50, kuma mata sun fi maza. Abin da ke tayar da shi bai wuce abin da kowa ke yi kullum ba: asuwaki, taunar goro, magana, dariya, aski, shafar bakin mayafi, ko iskar hunturu ta doki fuska a bayan babur ranar kasuwa. Tsohon da ya daɗe da shi tun daga nesa ake gane shi. Gemunsa na gefe guda ya yi buzu-buzu don ba ya barin aska ta kusanci wurin, da gefen baki yake magana, ya rame saboda tuwo ya zama abin tsoro, sai kunu da fura yake kurɓa a hankali.

A ƙasar Gobir ta gabashin Sakkwato, wato Sabon Birni da Isa da ƙauyukansu har bakin iyakar Nijar, mai irin wannan ciwo yakan sha yawo kafin ya ji sunan abin da ke damunsa, in ma ya taɓa ji. Haƙori ne ke fara ɗaukar laifi. Zafin yakan sauko ta muƙamuƙi ko dasashi, don haka sai a ce tsutsa ce, a cire turmi ɗaya. A sami kwana biyu shiru, domin ciwon da ma yana da ɗabi'ar tafiya hutu, wani lokaci na watanni, sai kowa ya ce an dace. Ya dawo, a cire na kusa da shi. Likitocin haƙori a ko'ina cikin duniya sun san wannan labari: mara lafiya ya zo musu da giɓi uku ko huɗu a jere a gefe guda, ciwo kuma yana nan daram. Daga haƙori sai ƙaho da tsaga wurin wanzami, sai turare da rubutu, domin ciwon da ke zuwa farat ɗaya ya tafi farat ɗaya ba tare da alama ba, a wurinmu sunansa iska ko jifa. Sai kuma kyamis, inda za a haɗa masa diklofenak da faracitamol, in ya matsa a ƙara da taramol. Duk waɗannan ba sa taɓa wannan ciwo, illa dai su bar shi da gyambon ciki ko sabuwar jaraba. A ƙarshe sai ka ji roƙon da kowane ma'aikacin lafiya a karkara ya haddace: "Likita, don girman Allah a yi mini allura, ƙwayar nan ba ta jina."

To, allurar tana nan, kuma tana aiki. Sai dai ba irin wadda yake nufi ba ce, ba kuma ita ce farkon magani ba.

Daga cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa a kowane gefe, ta biyar ita ke ɗauke da jin fuska, likitoci suna ce mata tirajeminal. Tana rabuwa gida uku: reshe na sama ya tafi goshi da ido, na tsakiya ya rufe kunci da gefen hanci da leɓen sama da haƙoran sama, na ƙasa kuma ya ɗauki muƙamuƙi da leɓen ƙasa da haƙoransa da gaban harshe. Na tsakiya da na ƙasa su suka fi kamuwa, shi ya sa haƙori ke shan tuhuma. A mafi yawan masu ciwon, tushen matsalar yana can cikin ƙoƙon kai, inda jijiyar ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Wata jijiyar jini ce ke kwanciya a kanta tana bugunta da kowane bugun zuciya, shekara da shekaru, har rufin da ke jikinta ya saluɓe kamar robar waya. Daga nan saƙon taɓawa mai sauƙi sai ya tsallaka layin zafi. Mutum yana jin wuta a leɓe, alhali inda abin ya lalace yana bayan kunne, can ciki. Zanen Gobirawa da ke kumatu ba shi da hannu a ciki, na faɗi haka ne don na san za a tambaya.

Ciwon ba sabo ba ne. Wani likitan tiyata Bafaranshe, Nicolas André, ya yi rubutu a kansa a 1756, John Fothergill kuma ya bayyana shi dalla-dalla a Landan a 1773. Ba kuma mai yawa ba ne: wani tsohon ƙiyasi daga Minnesota ta Amurka ya nuna kimanin mutum 4 cikin 100,000 ke kamuwa a shekara, lissafin da aka yi a Ingila daga baya ya ninka haka sau da yawa. Ƙidayar 2006 ta ba Sabon Birni sama da mutum 200,000, Isa kuma kusan 150,000. Ko da ƙaramin adadin muka ɗauka, ana maganar sababbin mutum goma sha wani abu kowace shekara a ƙananan hukumomin nan biyu, ban da waɗanda suka daɗe suna ciki. Ba annoba ba ce. Amma haƙoran da ake zubarwa a banza suna da yawa.

Maganin farko ƙwaya ce, kabamazafin, wadda aka fi sani da Tegretol. Tun 1962 aka gano tana kwantar da wannan ciwo, kuma har yau babu wadda ta ture ta daga gaba sai ƙanwarta okskabazafin da ke da sauƙin illa. Mafi yawan masu ciwon suna samun sauƙi cikin kwana biyu zuwa uku, har likitoci kan ɗauki wannan saurin a matsayin shaida cewa sun gano cutar daidai. Ana farawa da kaɗan, kamar miligiram 100, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Ba ta da tsada in aka gwada da sauran hanyoyin. Matsalarta a wurinmu iri biyu ce. Ta farko suna: maganin farfaɗiya ne, kuma da zarar mai kyamis ko wani ɗan boko a gida ya karanta takardar ya faɗi haka, sai tsohuwa ta ajiye, ta ce ita ba ta faɗuwa, kada a ja wa 'ya'yanta abin gori. Wanda ya rubuta maganin ya kamata ya riga kowa faɗa, ya yi bayanin cewa jijiya mai yawan tartsatsi yake kwantarwa, a ƙwaƙwalwa ne ko a fuska. Ta biyu kuwa illa ce ta gaske. Tana sa jiri da barci da tangaɗi, tana rage gishirin jini musamman ga tsofaffi masu shan maganin hawan jini mai sa fitsari, tana raunana maganin tazarar haihuwa da wasu magungunan ƙanjamau, tana iya cutar da ɗan tayi. Mafi muni shi ne ƙurajen da kan feso a makonnin farko tare da zazzaɓi da gyambon baki da jan ido. Wanda ya ga haka ya tsayar da ita nan take ya nufi asibiti, domin fata kan saluɓe har a rasa rai. Saboda haka ba maganin da za a saya a tire ba ne don an ji maƙwabci ya sha ya warke.

Ana zuwa ga allura ne idan ƙwayar ta gaza, ko jiki ya ƙi ta, ko kuma ciwon ya yi tashin da mutum ba ya iya buɗe baki ya haɗiye ta.

Mai sauƙin ita ce ta sandarar da reshen jijiya a inda ya fito fili. A ƙashin fuska akwai ƙananan ramuka uku da suka kusa zama a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa: ɗaya a gira, ɗaya a ƙarƙashin ido, ɗaya a haɓa ƙasa da ƙananan turame. Ta nan rassan ke leƙowa. A ce na tsakiya ne ke ciwo. Likita zai kwantar da mara lafiya, ya ce, "Baba, dubi sama, kada ka motsa." Ya lalubo gefen ƙashin ido da yatsa, ya sauko kamar faɗin ɗan yatsa, ya bar yatsan nan a wurin yana tsaron ido. Ya goge fata, ya soka siririyar allura irin ta likitan haƙori, ko ta waje ko ta cikin baki a ƙarƙashin leɓen sama. Kafin ya tura komai sai ya ɗan ja sirinji baya ya ga ko jini zai biyo, domin in maganin ya shiga jijiyar jini yana iya kawo jijjiga ko ya tsayar da zuciya. In babu jini, ya tura abin da bai kai rabin ƙaramin cokali ba na lidoken ko bufibaken. Bayan 'yan mintoci leɓe ya yi nauyi, gefen hanci ya mutu. Sai likita ya ce, "To Baba, taɓa wurin da kake tsoro." Mutumin da ya yi wata uku bai taɓa kuncinsa ba zai kai hannu yana ɗari-ɗari, ya shafa, ya sake shafawa da ƙarfi, sannan ya nemi ruwa.

Wannan sauƙin na sa'o'i ne. Lidoken awa ɗaya zuwa biyu, bufibaken ya fi haka daɗewa amma ba ya kai kwana. Wasu sukan yi sa'a ciwon ya lafa na kwanaki ko makonni bayan maganin ya fita, kamar an katse masa hanzari, amma ba a yi wa kowa alkawarin haka. Duk da haka amfaninta biyu ne manya. Tana ba da tazarar da mutum zai ci, ya sha, ya haɗiyi ƙwaya har ta fara aiki. Tana kuma nuna wa likita reshen da ke da laifi: in an kashe na ƙarƙashin ido ciwo ya ɗauke, an san inda aka dosa, kuma haƙorin da ake shirin cirewa ya tsira.

Mai daɗewar ita ce wadda ke lalata jijiyar da gangan. A farkon shekarun 1900 wani likita a Munik ta Jamus, Schlösser, ya yaɗa dabarar tura alkohol tsantsa cikin reshen jijiya don ya ƙone ta. Ba abin sha ba ne, ɗigo ne da bai cika cokali ba, wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba sai ya tambayi malaminsa. Wurin yakan mutu na watanni, wani ya kai shekara ko fiye, kafin jijiyar ta sake tohowa ciwon ya biyo ta. A 1912 Fritz Härtel a Balin ya nuna yadda za a wuce rassan a kai ga ƙullin jijiyar kansa, inda rassan suka haɗu: a soka doguwar allura a kunci, kimanin santimita 3 daga kusurwar baki, kusan inda zanen Gobirawa ke tasowa, a bi da ita sama ta wani rami a gindin ƙoƙon kai. Ta wannan hanya tasa ake bi har yau, abin da ake turawa ne ya canza. A 1974 Sweet da Wepsic a Amurka suka kawo ƙona jijiyar da zafin lantarki da ake aunawa, a 1981 Sten Håkanson a Suwidin ya kawo giliserin, a 1983 Mullan ya kawo 'yar balan-balan da ake hurawa ta matse ƙullin. Waɗannan duka aikin ɗakin tiyata ne da na'urar hoto mai nuna inda bakin allura yake. Akwai kuma Botox da wasu ke yi a fata, yana riƙewa kamar wata uku, amma tsadarsa da buƙatar firji sun fitar da shi daga lissafin talakan karkara.

A manyan asibitocin Turai an kusa daina allurar alkohol a reshe, ana ganinta tsohon yayi, kuma suna da hujja. Tana da zafi lokacin yi. Fuska kan kumbura. In ta zube a inda bai kamata ba tana kashe nama. Kowace maimaitawa tana barin tabo a ciki, ta biyu ta fi ta farko wuya kuma ba ta kai ta daɗewa. Sannan akwai abin da ya fi ciwon asali muni, ko da yake ba ya yawan faruwa: wurin ya mutu, ba ya jin taɓawa, amma yana ƙuna dare da rana ba hutu, kuma wannan ba shi da magani mai gamsarwa. Duk hanyar da ke lalata jijiya tana ɗauke da wannan haɗari. In kuma mutuwar ta shafi reshen ido, ƙwayar ido ta daina jin tsakuwa, a ƙasar da hunturu ke cika ido da ƙura wata uku. Mutum zai iya samun gyambon ido bai sani ba.

Amma wanda ya rubuta littafin likitanci a Landan bai san hanyar Sakkwato ba. Ƙwararrun da ke da ta cewa kan wannan ciwo, likitocin tiyatar baki da fuska da na ƙwaƙwalwa, suna Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da ake zuwa daga jihohi da dama. Tafiyar ta haura kilomita 100 daga Sabon Birni ko Isa, kuma ba nisan ne abin tsoro ba. A Disambar 2021 'yan bindiga suka ƙone matafiya cikin motarsu a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa. A Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, a watan Agusta aka sami labarin kashe shi. In hanya ba ta bar sarki ba, ɗan da zai ɗauko mahaifiyarsa mai shekara 70 ya kai ta asibiti duk wata don a auna jini a gyara ƙwaya dole ya yi lissafi biyu. Wasu iyalan ma ba sa gida, tun 2019 dubbai suka tsallaka yankin Maraɗi, wajen Gidan Rumji da kewaye. Ga na bakin iyaka Maraɗi ta fi kusa, amma rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya nuna cewa ita ma ƙofar ba kullum take buɗe ba.

A nan ne nake ganin ma'aunin ya karkata. Ga tsohon da ƙwaya ta gaza masa, jikinsa ba zai ɗauki babbar tiyata ba, kuma ba zai iya zirga-zirga ba, allurar da za ta ba shi wata takwas ko shekara yana cin tuwo ba abin rainawa ba ce don kawai an daina yayinta a wani wuri. Haka ma ƙaramar tiyatar da ake yanke reshen jijiyar ta cikin baki, wadda likitocin baki da fuska suka iya kuma ba ta buƙatar manyan na'urori. Sharaɗin dai a gaya masa gaskiya tun kafin a soka: fuskarka za ta mutu a wannan gefe, za ka iya cizon leɓe ba ka sani ba, shayi mai zafi zai iya ƙona ka, kuma ciwon zai dawo. Ya zaɓa da saninsa. Da yawa za su zaɓa, domin wanda ya ɗanɗani wannan azaba ba ya ɗaukar mutuwar kunci a bakin komai.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne wannan hujja ta hanya ta zama lasisin kowa. Mu mutane ne masu son allura, kuma duk inda ake son abu za a sami mai sayarwa. Ranar da labari ya bazu cewa akwai allurar fuska mai kashe ciwo, za a sami mai yin ta a bayan kanti da sirinjin da ya ga dama. Tsakanin ramin ƙarƙashin ido da idon kansa ba nisa, allurar da ta zarce ta shiga. Alkohol kuma ba a janye shi in ya shiga inda ba a so.

Ga wanda ke da sauran ƙarfi, maganin da ya fi daɗewa ba allura ba ce. Tun shekarun 1930 Walter Dandy ya lura da jijiyar jinin nan da ke danne jijiyar fuska, Peter Jannetta kuma daga 1967 ya mayar da abin tiyata: a buɗe ƙaramar ƙofa a bayan kunne, a ɗaga jijiyar jinin, a sa ɗan matashi tsakaninsu. Ba a lalata komai, fuska ba ta mutuwa. Rahoton da shi da abokan aikinsa suka fitar a 1996 kan mutum sama da 1,000 ya nuna kimanin kashi 70 cikin 100 ba su da ciwo bayan shekara 10. Tiyatar cikin kai ce, da haɗarinta da kuɗinta, amma ɗan shekara 45 da aka yi ta ƙona wa jijiya duk shekara an cuce shi in ba a taɓa gaya masa akwai ta ba.

Abin da ake buƙata a manyan asibitocin Isa da Sabon Birni da ƙananan cibiyoyin ƙauye bai kai duk wannan ba. Ma'aikacin da ya san tambayoyi huɗu ya gama rabin aikin: gefe guda ne? kamar lantarki? yana ɗaukewa cikin minti biyu? taɓawa ko tauna na tayar da shi? In amsar duka i ce, a dakata da cire haƙori, a fara ƙwaya a ƙarƙashin kulawa. Lidoken kuwa da ma yana nan a duk inda ake ɗinke rauni, koyar da likita ko ma'aikacin haƙori sandarar da rassan nan uku ba aikin shekara ba ne. Ya kuma san abin da ba shi ba ne. Ciwon haƙori na gaske yana zugi ba tsayawa, yana tashi da ruwan sanyi ko zafi, yana hana barci. Ƙunar da ke biyo bayan ƙurajen nan masu fitowa a jere a gefe guda, waɗanda ƙwayar cutar ƙarambau ke kawowa, maganinta daban. Karkacewar baki kuma wata jijiyar ce, ta bakwai.

Akwai dai waɗanda ba a tsaya yi musu dabara a gida, komai halin hanya. Wanda ciwon ya kama bai kai shekara 40 ba, wanda yake ji a gefe biyu, wanda fuskarsa ta fara mutuwa da kanta ba a yi masa allura ba, ko jinsa ya ragu a kunne ɗaya, ko yake ganin abu biyu-biyu, ko tafiyarsa ta canza. A irin waɗannan ana tsoron ƙari ne ke danne jijiyar ko wata cutar ƙwaƙwalwa, kuma allurar da ta kashe zafin za ta ɓoye shi ne kawai yana ci gaba da girma. Hoton ƙwaƙwalwa na maganaɗisu suke buƙata kafin komai, a haɗa kuɗin mota a bi ayarin safe zuwa Sakkwato.